Yaya za a tsara shirin tattaunawa na ƙaramar hukuma da jama'a za su zauna su kalla?

Jami'in yaɗa labarai, daga Jigawa:

Assalamu alaikum. Ƙaramar hukumarmu ta sayi filin rabin awa a gidan talabijin na jiha domin shirin tattaunawa duk mako, kuma ni aka ɗora wa nauyin tsara shi. Damuwata ita ce irin waɗannan shirye-shirye sukan ƙare a jero ayyukan ciyaman da yabonsa, mutane kuwa su sauya tasha. Ina neman shawarar magabata.

Tsohon mai gabatar da shirye-shirye, daga Kano:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tun zamanin da ARTV, tashar talabijin ta jihar Kano, take amsa sunan CTV, abin da ke riƙe mai kallo bai sauya ba, wato ya ji tambayar da ke ci masa tuwo a ƙwarya ta fito daga bakin wani irinsa. Ka ɗauki batu guda a kowane mako, kamar rabon takin zamani ko ciyawar kacalla da ke toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja, sannan ka fita da kyamara kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ka ɗauko tambayoyin manoma da muryarsu, ka kunna wa shugaban sashen noma a ɗakin shiri, domin shi ya san buhu nawa aka kawo da mazaɓun da suka samu. Idan ya yi alkawari, ka nemi ya faɗi rana, bayan wata guda kuma ka koma wurin da kyamara. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tambaya a kan kuɗi ta zama haƙƙin talaka, bai kamata shirinka ya kauce mata ba.

Malamar asibiti, daga Ringim:

Baba ya yi gaskiya, amma matan ƙauye ba za su yi magana a tsakiyar kasuwa ba. Malam, ka tura mace ta same su ranar awo a asibiti, ta nemi izininsu, ta naɗi murya kawai ga wadda ba ta son a nuna fuskarta. Kuma tunda yawancin ƙauyukanmu ba su da tsayayyar wutar lantarki, ka yanka shirin gajeru-gajeru domin WhatsApp, ka kuma roƙi a maimaita shi a rediyo bayan sallar isha'i.