Reno ko saye: me ke cika bencin ƙungiyar jami'a a ƙwallon Amurka?

Ɗan Zango: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana, na san wasu ba za ta yi musu daɗi ba. A ƙwallon Amurka na jami'o'i, zamanin renon ɗan wasa ya wuce. Tun da aka buɗe kafar sauya sheƙa, wato rajistar 'yan wasan da ke son komawa wata jami'a, a 2018, aka zo 2021 aka ce yaro zai iya barin jami'a ya buga wa wata nan take ba sai ya zauna shekara guda ba, kuma aka halatta masa karɓar kuɗi da sunansa, to kocin da ya tsaya yana renon yaro shekara uku wahalar banza yake yi. Ka shiga kasuwa, ka ɗebo waɗanda suka riga suka nuna, ka ci wasa. Ku duba Kolorado. A 2022 wasa ɗaya suka ci cikin 12. Sabon koci Deion Sanders ya zo ya sallami kusan kowa, ya kawo nasa, zuwa 2024 sun ci tara, ɗan wasansu Travis Hunter ya ɗauki kambun Heisman, wato na gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ɗan Zango, ka tsallake shekara guda a lissafinka, kuma ita ce mai maganar. A 2023 sun fara da cin wasa uku a jere, duniya ta ɗauka, sannan suka ƙare kakar da ci huɗu, faɗuwa takwas. Me ya faru? Sau 52 aka kayar da mai jefa musu ƙwallo, Shedeur Sanders, da ƙwallo a hannunsa, domin ƙattai biyar ɗin da ke tsaye gabansa suna kare shi ba su san juna ba. An tattaro yawancinsu daga wurare daban-daban an ce su zama katanga. Kuma da rauni ya fara shiga, waɗanda ke benci ba su kai ba.

Ɗan Zango: Amma Baba, daga ci ɗaya zuwa huɗu zuwa tara ai gaba ake yi. Da reno ya tsaya yi, da har yanzu yana jiran yara su girma.

Maman Abba: Ku bari in sa baki, don ni a Atlanta nake, Jojiya ce ƙungiyar gidanmu. Bayan sun ɗauki kofin ƙasa na kakar 2021, NFL, gasar ƙwararru, ta kwashe musu 'yan wasa 15 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022, biyar daga masu tsaron baya tun a zagayen farko. Kowa ya ce sai sun yi shekara biyu kafin su farfaɗo. Kocinsu Kirby Smart bai je kasuwa ya cike gurbin ba. Yaran da suka yi shekara ɗaya ko biyu suna shan bugu a filin atisaye a hannun waɗancan gwanayen su ne suka tashi, suka ci wasa 15 babu faɗuwa ko ɗaya, suka lallasa jami'ar TCU 65 da 7 a wasan ƙarshe. Kuma mai jefa musu ƙwallo, Stetson Bennett, ya fara shiga ƙungiyar ne ba tare da an ba shi ko gurbin tallafin karatu ba. Ƙanena, wannan a wace kasuwa ake sayensa?

Ɗan Zango: Anti, Jojiya ai ba misali ba ce. Su ne ke kwashe zaratan yaran sakandare na duk kudancin Amurka. Wanda aka ba shi zinariya ya goge ta ta yi ƙyalli, ba za a ce ya iya ƙira ba. Ki kawo min ƙaramar jami'a da reno ya kai ta ga kofi.

Malam na Zariya: Ni daga nan gida nake bin wasannin, cikin daren Asabar, kuma ina ganin kuna haɗa abu biyu. Akwai 'yan wasan farko, akwai zurfin benci. Wannan wasa ba kamar ƙwallon ƙafarmu ba ne da mutum 11 za su yi minti 90 a canza 'yan kaɗan. Masu kai hari daban, masu tsaro daban, canji babu iyaka, kuma karo ake yi da jiki a kowane bugu. Shi ya sa aka daɗe ana ba manyan jami'o'i gurbin tallafi 85. Babu ƙungiyar da ke kaiwa watan Nuwamba da mutanen da ta fara da su a Satumba. Abin tambaya, in na farko ya faɗi, waye na biyu, kuma waye na uku?

Misalin da ba na mantawa shi ne Ohayo Sitet a 2014. Braxton Miller, kwatabak ɗinsu na farko, wato mai jefa ƙwallo da jagorantar hari, ya ji rauni a kafaɗa tun a watan Agusta kafin a fara. J.T. Barrett ya karɓa, ya ja su har wasan Mishigan, a nan ya karye a idon sawu. Saura na uku, Cardale Jones, wanda tun 2012 yake makarantar bai taɓa fara wasa ba. Wasansa na farko shi ne na ƙarshen gasar yankinsu, suka ci Wiskonsin 59 da nema. Na biyu suka fitar da Alabama 42 da 35. Na uku suka ɗauki kofi a hannun Oregon 42 da 20. Yaron ya yi shekaru yana zama a ɗakin nazarin bidiyo yana haddace tsarin wasan da ba shi da tabbacin zai buga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Zango: Malam, ku gafarce ni, amma kun ba ni makami. Wancan 2014 ne. Yau wane Cardale Jones ne zai zauna na uku shekara uku alhali wata jami'a na kiransa da kuɗi da alkawarin zai fara wasa? Ba zai zauna ba. Ai abin da nake faɗa ke nan. Ka rene shi, ranar da ya nuna wani ya ɗauke. Jordan Addison a Pitsbag ya zama gwarzon masu cafe ƙwallo na ƙasa a 2021, shekara na zagayowa sai ga shi a jami'ar USC. Jared Verse ƙaramar jami'ar Albani ce ta gano shi, Fulorida Sitet ta ci moriya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Baban Ummi: A nan kam ka faɗi gaskiya, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ƙananan makarantu sun zama gonar manya. Amma tunda ka ambaci Fulorida Sitet, mu tsaya a kanta, don babu ƙungiyar da ta bi shawararka kamar ita. Kocinsu Mike Norvell ya gina tawagar 2023 da 'yan sauya sheƙa: Verse, Keon Coleman daga Mishigan Sitet, Trey Benson daga Oregon, shi kansa kwatabak ɗinsu Jordan Travis daga Luwisbil ya zo tun da farko. Sun yi kyau, ban musa ba. Sai Travis ya karye a ƙafa a watan Nuwamba. Na biyunsa ya buga wasa ɗaya ya bugu a ka. Na uku, sabon yaro, ya ja su suka ci Luwisbil 16 da 6 da ƙyar, masu tsaron baya ne suka yi aikin. Sun ci wasa 13 babu faɗuwa, amma kwamitin zaɓe ya dubi bencinsu ya ce ba za su shiga cikin huɗun da za su nemi kofi ba. Ni har gobe ina ganin an zalunce su. Sai dai abin da ya biyo baya ya tona asiri. Manyan suka janye daga wasan rufe kaka na Orange Bowl, wasu don shirin NFL, wasu sun shiga kafar sauya sheƙa, aka bar 'yan benci da Jojiya, aka tashi 63 da 3. Ita ma Jojiya ba duk manyanta ne suka buga har ƙarshe ba, 'yan bencinta ne suka ci gaba da zuba maki. Shekarar da ta biyo, Norvell ya koma kasuwa ya sake sayayya, wannan karon bai dace ba, suka ci wasa biyu suka faɗi goma. Babu kowa a ƙasa da zai tare ɓarakar.

Maman Abba: Wannan wasan na 63 da 3 na kalle shi har ƙarshe, wallahi tausayin yaran Fulorida ya kama ni. An jefa su cikin abin da ba a shirya su dominsa ba.

Ɗan Zango: To Indiyana fa? Jami'ar da aka sani da faɗuwa. A 2023 ci uku, faɗuwa tara. Sabon koci Curt Cignetti ya zo, ya cika tawaga da 'yan sauya sheƙa, ya ɗauko kwatabak Kurtis Rourke daga wata jami'ar, a 2024 suka ci wasa 11 suka shiga wasannin neman kofi karon farko a tarihinsu. Shekara ɗaya tak. Wane reno ne zai yi wannan?

Malam na Zariya: Ka duba daga ina suka zo. Sama da goma daga cikinsu yaransa ne na jami'ar James Madison, inda ya baro. Da yawansu shi ya ɗauko su tun daga sakandare lokacin da manyan jami'o'i ba su kalle su ba, shi ya horar da su shekaru, sun san kiransa, sun san abin da yake so tun kafin ya buɗe baki. Da ya tashi sai ya taho da renonsa. A takarda 'yan sauya sheƙa ne, a fili kuwa tsofaffin ɗalibansa ne, kuma su suka koya wa sauran yadda ake aiki a gidan. Wannan ya fi kusa da hujjarmu fiye da taka.

Kawu Direba: Ina ta karantawa a wurin hutu, bari in ce wani abu kafin in koma kan hanya. Ni ina bayan Ɗan Zango a abu ɗaya. Ku daina magana kamar yaran nan kayan koci ne. Kwatabak Joe Burrow ya yi shekara uku a Ohayo Sitet bai samu wuri ba. Da ya zauna don a ce benci ya yi zurfi, da wa ya san shi? Ya koma jami'ar LSU, a 2019 ya ci wasa 15, ya ɗauki Heisman da kofi, ya zama na ɗaya a zaɓen NFL. Zurfin bencin da kuke yabo, rayuwar wani yaro ce ake ajiyewa a gefe. A dokar da aka daɗe ana bi, shekarun wasansa huɗu ne kawai cikin biyar. Koci kuwa in an ƙara masa albashi a wani wuri, ko sallama ba ya tsayawa yi.

Maman Abba: Kawu, wannan gaskiya ce, kuma ni uwa ce, ba zan ce ɗan wani ya zauna ya tsufa a benci ba. Amma zaman ma wani lokaci yana biya. Ku tuna Alabama. A wasan ƙarshe na Janairun 2018 muna gabansu 13 da nema a hutun rabin lokaci, kocinsu Nick Saban ya cire kwatabak Jalen Hurts ya sa Tua Tagovailoa, yaron da ke kakarsa ta farko a makarantar. A ƙarin lokaci muka kayar da shi, ya yi asarar yadi 16, na miƙe tsaye a falo na ce shi ke nan. Bugu na gaba ya kalli dama har mai tsaronmu ya karkata, ya juya ya wurga hagu, DeVonta Smith ya cafe a guje, aka tashi 26 da 23. Shi ma Smith sabon shiga ne. Hurts bai tafi ba, ya zauna a benci kaka guda. A Disamba muka sake haɗuwa, Tua ya ji rauni, Hurts ya shigo ya ci mu 35 da 28. Sai bayan nan ya koma Oklahoma. Na ukunsu, Mac Jones, ya jira har 2020, ya ci wasa 13 ya ɗauki kofi. Dukansu uku sun fara wasa a NFL.

Ɗan Zango: Anti, shi Saban ɗin ai ya ajiye aikin a Janairun 2024, kuma cikin 'yan kwanaki Caleb Downs, gwanin tsaron bayansa, ya koma Ohayo Sitet. Su kuma suka haɗa da kwatabak Will Howard daga Kansas Sitet da mai gudu da ƙwallo Quinshon Judkins daga Ole Miss suka ɗauki kofin kakar 2024. Baba, ƙungiyar garinku ce, ku musa.

Baban Ummi: Ba zan musa ba, sun saya, kuma sun saya da tsada. Kwatabak ana sayensa, mai gudu da ƙwallo ana sayensa, wannan na sallama maka. Amma ni na bi kakar nan wasa bayan wasa a nan Kolombas. Ita ce shekarar farko da aka faɗaɗa neman kofi zuwa ƙungiya 12, sai da suka buga wasa 16. A tsakiyar kaka mai kare gefen hagu na layin gaba, Josh Simmons, ya ji rauni a gwiwa. Kafin wasan Indiyana, mai tsayawa a tsakiyar layin, Seth McLaughlin, jijiyar dunduniyarsa ta tsinke. A lokacin babu kasuwa, an rufe. Donovan Jackson, yaron gida da ya yi shekaru yana buga ciki, shi aka matsar gefe, aka ciro yara daga benci aka toshe gurbinsa, da wannan layin suka bi ta kan Tenesi, Oregon, Tekzas da Notre Dame. Kuma wa ya kashe wasan Tekzas? Jack Sawyer, ɗan jihar Ohayo, shekararsa ta huɗu, wanda zai iya tafiya NFL tun bayan kakar 2023 ya ƙi. Ya doke kwatabak ɗin Tekzas Quinn Ewers ta baya, ƙwallo ta faɗi, ya ɗauka ya ruga yadi 83. Mafi yawan kuɗin da ake cewa sun kashe, a kan riƙe irin su Sawyer da Emeka Egbuka da TreVeyon Henderson ya tafi.

Ɗan Zango: To ai kun dawo kan kuɗi ke nan, Baba. Ko riƙewar ma saye ce.

Malam na Zariya: Saye ce, amma kana biyan wanda ka san ƙarfinsa da rauninsa, wanda ya san tsarinka. Kuma daga 2025 jami'o'i na biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi ga kowace jami'a a shekarar farko ga dukkan wasanninta, an kuma ƙayyade tawagar ƙwallo a mutum 105. Kuɗin ba zai isa a sayo gwani biyu a kowane gurbi ba. Yaron da zai tsaya a layin gaba yana zuwa daga sakandare da jiki amma ba ƙarfi, sai ya yi shekara biyu ko uku a ɗakin ɗaga ƙarfe kafin ya iya tare ƙato mai kilo 140. Waɗanda suka riga suka kai haka ba su da yawa a kasuwa, kuma kowa na neman su.

Ɗan Zango: A kan 'yan layin gaba na yarda, Malam. A kan sauran ina nan a kan bakana, musamman ga ƙaramar jami'ar da ba ta da kuɗin riƙe wanda ta rena. Baba, ku gaya min abin da Albani za ta yi da ta hana Verse tafiya.

Baban Ummi: Babu abin da za ta yi, ɗana. Shi ya sa nake ganin ya kamata a sa doka: babbar jami'ar da ta ɗauke yaro ta biya wadda ta rene shi wani kaso, kamar yadda kulob ke biyan kuɗin horo a ƙwallon ƙafa. In ba haka ba, ƙananan za su daina ɗaukar yaran sakandare su ma su koma jiran ragowar manya, kuma yaro irin Verse, wanda babu babbar jami'ar da ta kalle shi yana ɗan shekara 18, ba zai samu inda zai fara ba.