Lambar h kawai zan kai wa malamina? Tambaya kan aikin Julie Bernhardt

Dalibar_Fisiyo ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin fisiyo, wato jinya ta hanyar motsa jiki, kundina kuma kan tayar da mai shanyewar ɓarin jiki daga gado da wuri ne. Malamin da ke duba aikina ya ce kafin in taɓa babi na biyu, in zaɓi mai bincike ɗaya da ya yi fice a wannan fage, in bi rubuce-rubucensa tun daga tushe, sannan in zo in nuna masa tasirinsu da hujja. Na zaɓi Farfesa Julie Bernhardt ta cibiyar Florey da ke Melbon a Ostiraliya, don kusan duk maƙalar da na buɗe sai na ci karo da sunanta.

Abu biyu ne suka ɗaure min kai. Na farko, adadin ambaton da Google Scholar ya ba ta, wato sau nawa wasu maƙalu suka kafa hujja da aikinta, daban, na Scopus daban, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Wanne zan ɗauka? Na biyu, babban bincikenta, wato AVERT, gwajin da aka yi kan tayar da majinyata da wuri sosai, sakamakonsa ya fito saɓanin abin da ake fata. To mutum ya kwashe shekaru yana gwada abu, abin bai ci ba, ta yaya zan ce wa malamina wannan tasiri ne? Ko in zana jadawali in sa yawan maƙalu da yawan ambato da lambar h, in huta?

Mai_Laburare ya amsa:

Wa alaikumus salam, malama. Tambayarki ta farko mai sauƙi ce. Google Scholar komai yake kwasowa: kundin ɗalibai, takardun taro, babin littafi, har da mujallun da ba wanda ya tantance su. Wani lokacin ma yakan ƙirga maƙala ɗaya sau biyu. Scopus na kamfanin Elsevier ne, mujallun da ya amince da su kawai yake ƙirgawa, haka ma Web of Science. Shi ya sa kusan kullum na Google ke fin yawa. Ki ɗauki ɗaya, ki rubuta ranar da kika duba, kada ki gauraya su a jadawali guda.

Lambar h kuwa wani masanin kimiyyar fiziks ne, Jorge Hirsch, ya fito da ita a 2005. In aka ce lambar mutum 20, yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20 ke nan. Ba ta raguwa, kuma wanda ya daɗe a fage yana da rinjaye a kan sabon shiga ko da aikin sabon ya fi nagarta.

Ki kula da abu ɗaya: maƙalar AVERT ta mujallar Lancet da sunan ƙungiyar masu gwajin ta fito gaba ɗaya. Irin wannan yakan rikita rumbunan ƙirga, wani ya jingina wa mutum ita, wani ya tsallake. Ki buɗe jerin da idonki ki ga ko tana ciki.

Anti_Fisiyo ta amsa:

Ƙanwata, jadawalin nan in kika kai shi kaɗai, ni ce malaminki da na mayar miki da shi. Na daɗe a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki, kuma aikin matar nan ya canja abin da hannuna ke yi da safe. Ki bi shi a jere.

A 2004 ta fitar da wata maƙala a mujallar Stroke. Ba wata na'ura suka yi amfani da ita ba. Zagayawa suka riƙa yi a ɗakunan jinya a Melbon suna rubuta abin da kowane majinyaci ke yi, da wanda ke tare da shi, cikin makonni biyun farko bayan shanyewar. Suka tarar fiye da rabin yini a kwance suke, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na lokacin su kaɗai ne. Wannan na ƙarshen ya ba ni dariya da na fara karantawa, don mu a nan matsalarmu ita ce yadda za mu rage 'yan dubiya a bakin gado. Amma kwanciyar iri ɗaya ce, ko ma tamu ta fi.

Daga nan tunanin ya taso cewa in kwanciya na kawo gyambon gado da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa, to a tayar da mutum tun cikin awa 24 na farko, a yawaita. Kowa ya ga hikimar abin. Aka yi ƙaramin gwaji da ya fito a 2008, ya nuna za a iya. Sai babban: majinyata 2,104, ɗakunan jinya 56, ƙasashe biyar, wato Ostiraliya, Niyuzilan, Birtaniya, Malesiya da Singafo. Daga 2006 har 2014 ana ɗibar mutane, ana raba su rukuni biyu: waɗanda za a tayar da wuri kuma da yawa, da waɗanda aka bari a kan kulawar da aka saba. Sakamako ya fito a 2015. Bayan wata uku, kashi 46 na waɗanda aka tayar da wuri kuma da yawa ne suka kai matsayin iya kula da kansu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 50. Wato abin da aka zata gyara ne ya rage musu.

Ga inda ɗalibai ke zamewa. Sukan rubuta cewa AVERT ya nuna tayar da majinyaci da wuri bai da kyau. Ba haka ba ne. Rukunin da aka bari a kan kulawar da aka saba, su ma an tayar da su ne wajen awa 22 bayan faruwar abin, ɗaya rukunin kuma wajen awa 18 da rabi. Tazarar kusan awa huɗu ce kacal. Babban bambancin yana wajen yawan aikin: wajen minti 31 a rana a kan minti 10. A 2016 suka sake bin bayanan a mujallar Neurology, suka ga gajeren motsi da ake maimaitawa sau da yawa ya fi tafiya da kyakkyawan sakamako a kan dogon zama ɗaya.

A shekarar 2016 ɗin ne ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka da reshenta na shanyewar ɓarin jiki suka fitar da ƙa'idojin farfaɗo da majinyata, suka rubuta ƙarara cewa ba a ba da shawarar motsi mai yawa cikin awa 24 na farko. Wannan shi za ki nuna wa malaminki. Bincike ɗaya ya shiga littafin ƙa'ida, littafin ƙa'ida ya shigo ɗakin jinya.

Yanzu in aka kira ni kan wanda aka kwantar jiya da daddare, sai na auna hawan jininsa yana kwance, in ɗaga kan gadon, in zaunar da shi a gefe ƙafafunsa na lilo, hannuna ɗaya a kafaɗar da ta shanye don kada ta saki. Ina kallon fuskarsa, ina tambayarsa ko jiri na ɗibarsa. 'Yan mintoci, in mayar da shi, in ce wa ɗansa zan dawo bayan azahar. Sau da yawa ɗan yakan ce, "Anti, ai da kin bar shi ya taka ko zuwa ƙofa ne." Sai in ce gobe ma rana ce.

Ni a wurina mai binciken da ya gina sunansa a kan wani tunani, gwajinsa ya karya tunanin, ya fito ya buga yadda abin yake, ya fi min mai maƙala ɗari da duk suka ce "an samu ci gaba".

Dakta_Sashen_Jijiya ya amsa:

Anti ta gama magana kan AVERT. Ni gefen ƙirgar zan taɓa, don na zauna a kwamitin ƙarin girma, na ga abin da ake yi da lambobin nan.

A fagenmu, maƙalun da ke kwashe ambato sun kasu iri-iri, kuma ba duka ne suka gano sabon abu ba. Ma'aunin Barthel na 1965, mai auna yadda majinyaci ke iya hidimar kansa, 'yan shafuka ne a wata mujallar likitocin jihar Maryland. Ma'aunin Fugl-Meyer, mai auna dawowar motsin gaɓɓai, na 1975 ne. Duk wanda ya auna majinyaci da su dole ya ambace su, shi ya sa har gobe ambatonsu ke hawa. Ita ma Bernhardt tana da irin wannan. Ta jagoranci taron masana da ya fitar da maƙalu a 2017, inda aka tsayar da sunayen matakan jinya: awa 24 na farko, kwana 1 zuwa 7, kwana 7 zuwa wata 3, wata 3 zuwa 6, sai abin da ya wuce wata 6. Duk mai son faɗin matakin da majinyatansa ke ciki sai ya jingina da ita. Aiki ne mai amfani, don kafin nan kowa da abin da yake kira "da wuri". Amma dalilin ambatonsa daban da na AVERT. Haka maƙalar bita, wato mai tattara binciken da aka riga aka yi, da ta rubuta a Lancet a 2011 tare da Peter Langhorne da Gert Kwakkel: maƙalar bita kowa na ɗora ta a sakin layin farko na gabatarwa, wasu ko buɗe ta ba su yi ba.

Sai kuma manyan rahotannin nauyin cututtuka na duniya, masu ɗaruruwan marubuta. Na ga takardun wanda rabin ambatonsa daga irin waɗannan ya fito, alhali bayanai kawai ya tura. Ban ce laifi ba ne. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan tantance bincike ta ja kunnen jami'o'i su daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, su karanta aikin. Mu dai har yau maki muke tarawa.

Shawarata, 'yata: ki ɗauki maƙalunta goma da suka fi ambato, ki rubuta a gaban kowacce ko gwaji ce, ko bita, ko matsayar taro, da kuma gurbin sunanta a jerin marubuta.

Dalibar_Fisiyo ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Anti da Dakta da Malam. Saura ɗaya. Majinyatan da nake gani da yawa sai bayan kwanaki suke isowa, wasu bayan an gwada na gida. Ba ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin biyar ɗin nan. Anya malamina ba zai ce to mu ina ruwanmu da awa 24 ba?

Anti_Fisiyo ta amsa:

In ya faɗi haka ya ba ki babi na biyar a kyauta. Ki rubuta shi a matsayin giɓin da kundinki zai shiga. Wanda ya iso a kwana na huɗu ya riga ya wuce gargaɗin awa 24, don haka kada wani ya fake da AVERT ya bar shi kwance. Abin da ya shafe shi shi ne maƙalar 2004 da ta 2016: ya rage kwanciya, ya yi gajeren motsi sau da yawa. Kuma tunda 'yan uwa ne ke kwana da shi, su za ki koya wa yadda ake zaunar da shi ba tare da an ja hannun da ya shanye ba.

In kina son aikin da za ki iya gamawa kafin kuɗin makaranta su ƙare, ki maimaita irin zagayen 2004 a ɗakinku. Takarda da biro da agogo kawai yake ci, sai izinin kwamitin ɗa'a na asibitin, wanda ya kamata ki nema tun wannan makon don yakan ɗau lokaci.