Neman shawara: makaɗin labarina ya kasa samun natsuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina rubuta labarin almara a kan wani mai gurmi da ya bar garinsu, ya bi ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, yana neman kwanciyar hankali. Gurmin nasa na da asiri: duk wanda ya ji kiɗan sai damuwarsa ta yaye, amma shi mai kiɗan tasa na nan daram. Na kai shi kufai, na haɗa shi da aljanun gindin tsamiya, daga nan na cije. Yaya zan yi ya samu natsuwar nan ba tare da labarin ya koma wa'azi ba? Don Allah a taimaka wa ƙanwarku.

Wata marubuciya:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Kin ɗora shi a hanya amma ba ki faɗa mana abin da ya hana shi barci ba. Makaɗi bakinsa ne makaminsa. A ce ya taɓa yi wa wani bawan Allah zambo don ubangidansa ya ba shi doki da riga, waƙar ta bazu har mutumin ya daina shiga kasuwa, aurensa ya mutu. To duk zangon da ayari ya sauka, sai ya tarar da yara na rera zambon a dandali, waƙar ta riga shi isowa. Wallahi wannan ya fi Dodo goma ban tsoro.

Wani dattijo:
'Yata, ki lura da kayan kiɗan. Idan har Jangare za ki kai shi, birnin iskoki, to garaya da goge aka sani da wannan fage. Amma ni ina son gurmin: ɗan ƙaramin duma da fata da tsirkiya, mutum ya rataya abinsa ya yi gaba, ba sai da 'yan amshi ba. Ya dace da mai kaɗaici.

Wani matashi:
Anti, roƙona ɗaya, kada wani aljani ya miƙa masa natsuwa a cikin kwalba. Ki tsinke masa tsirkiya a tsakiyar daji, ya yi kwanaki ba kiɗa, ya saurari zuciyarsa. Sannan ya juya gida neman gafarar wanda ya ɓata wa suna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To idan mutumin ya ƙi yafe masa fa?

Wata marubuciya:
Bar shi ya ƙi, haƙƙinsa ne. Ki sa makaɗin ya zauna a garin, ya tsara masa sabuwar waƙa mai wanke shi, ya yi ta rerawa ran kasuwa ba ya karɓar ko anini. Ki rubuto mana wannan babin mu gani.