Neman kalma: me za mu kira "lon-tam oriyenteshin" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar ina da shiri a wani gidan rediyo a nan Katsina, kan dalilin da ya sa wasu ƙasashe ke ta fito da sababbin abubuwa, wasu kuma sai dai su saya. Rubutu yana ta tafiya lafiya lau har na iso kan abin da Turawa ke kira lon-tam oriyenteshin, wato yadda al'umma ke fifita amfanin gaba mai nisa a kan na yanzu, nan alƙalami ya cije.

Ga asalin maganar. Wani Baturen Holan, Geert Hofstede, wanda ya rasu a 2020, ya yi nazarin takardun tambayoyi sama da 100,000 da ma'aikatan kamfanin IBM na ƙasashe daban-daban suka cike tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da ma'auni huɗu na gwada al'adun ƙasashe. Na biyar daga baya ya zo. Wani masani a Hong Kong, Michael Bond, ya ga tambayoyin duk tunanin Bature ne, sai ya sa malaman Sin suka tsara nasu, aka fitar da sakamako a 1987. A gefe ɗaya aka sami naci, tsimi, jin kunya da sanin matsayin na gaba. A ɗaya gefen kuma riƙon al'ada, kare mutunci a idon jama'a, da rama gaisuwa da kyauta. Hofstede ya raɗa wa ma'aunin wannan suna a 1991, kuma a 2010 Michael Minkov ɗan Bulgeriya ya faɗaɗa shi zuwa ƙasashe 93. A lissafin 2010 ɗin, inda yawan maki ke nufin karkata ga gefen naci da tsimi, Koriya ta Kudu ta ci 100, Japan 88, Sin 87, Jamus 83, Amurka 26, Najeriya 13, Gana 4. To ku taya ni, wane suna zan faɗa wa mai sauraro a Mashi ko Batagarawa ya gane?

Wani ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua: Malam, ai wannan ba abin wahala ba ne. Hangen nesa.

Ƙanena, ita na fara rubutawa, na soke. Hangen nesa yabo ce tsantsa. Ka gwada faɗa a rediyo cewa Najeriya ta ci 13 cikin 100 a hangen nesa, ka ji kiran da zai shigo. Kuma kishiyarta me za ka ce, rashin hangen nesa? Ai zagi ke nan, alhali mai ma'aunin bai ce gefe ɗaya wayayyu ne ɗaya gefen wawaye ba. Sannan hange aikin ido ne. Mutum yana iya hango yunwar bazara sarai tun da kaka, ya kuma sayar da gerensa a masussuka. Abin da ake aunawa shi ne ko zai iya danne zuciya ya rufe rumbun.

Wani ɗan kasuwa: To a ce dogon buri mana.

Wani malamin Islamiyya daga Ƙofar Sauri: A'a Alhaji, kar a soma. Dogon buri a bakin malamai ciwon zuciya ne, shi ne mutum ya manta da mutuwa yana ta lissafin duniya. In Malam ya ce Koriya ta ci gaba saboda dogon buri, masu sauraro za su ce to Allah ya raba mu da irin wannan ci gaba.

Allah ya gafarta Malam, na karɓa. An binne wannan.

Wata malamar sakandare daga Daura: Yaya, ni tsimi da tanadi nake gani, tunda tsimin yana cikin abin da ka lissafa. Amma bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Wa ya auna mu har ya ba mu 13? Matan unguwarmu suna zubin adashe shekara guda cur ba fashi. Uwa tana fara tara wa ɗiyarta kayan ɗaki tun yarinyar tana firamare. Kakana ya shuka dabino yana sane ba shi zai ci ba. In wannan ba tunanin gobe ba ne, mene ne?

Hajiya, kin taɓo wurin. Abubuwa uku Minkov ya ɗauka daga wani babban binciken ra'ayin jama'ar duniya: ko iyaye na ganin tsimi a matsayin halin da ya kamata a koya wa yaro, yawan alfahari da ƙasa, da muhimmancin yi wa wasu hidima. Na farkon yana ƙara maki, biyun ƙarshe suna ragewa. Ke nan wanda ya ce hidimar 'yan'uwa tana da girma a wurinsa, ya jawo wa ƙasarsa ragi. Kuma lamba ɗaya aka ba Najeriya kaf, manomin Ɗanja da mai shago a Legas an zuba su a kwando guda.

Duk da haka ba zan ce ma'aunin banza ne ba, don akwai inda ya kama mu. Ki dubi inda kuɗin adashen ke ƙarewa. Sau da yawa a biki ne. Wance ta kawo miki dubu goma ranar suna, ranar nata sai kin ninka, in ba haka ba a yi da ke. Wannan shi ne rama kyautar da Bond ya gano a ɗaya gefen. Muna tarawa, kuma da juriya, sai dai tarin yana komawa gyaran zumunci da fita kunya, ba ya zama jarin da zai kwana shekara goma ba a taɓa shi ba. Saboda haka tsimi da tanadi ta ɗauko rabin kayan ne, ta bar naci da jiran riba mai nisa. Ga shi kuma wasu da ita suke kiran darasin tattalin arziki, za a rikice.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gona: Yaro, ku 'yan boko kuna neman abu yana cikin aljihunku. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja ɗauko goro da jakuna, wata da watanni suke yi a hanya, kuma da zango suke lissafi. Madugu in ya ce gobe dogon zango ne, kowa ya san sai ya cika salka, ya rage cin guzuri, ya jure ƙishirwa. In gajeren zango ne a ci a sha, ba laifi. Babu wanda zagi ne a ciki. Kuma kullum ina jin ku a labarai kuna cewa shiri na dogon zango.

Ranka ya daɗe Baba, wallahi ka warware. Tana da kishiya wadda ba ta cin mutuncin kowa, kunne ya riga ya saba da ita, kuma guzuri da juriya duk suna cikinta. Saura kalmar da za ta riƙe ta a gaba. Na so alƙiblar dogon zango, don oriyenteshin ɗin fuskanta ce, kuma mukan ce gwamnati ta sauya alƙibla. Amma alƙibla abu ne da ake juyawa a yini ɗaya, wannan kuwa hali ne da ake tashi da shi tun daga gida. Ɗabi'ar dogon zango da ɗabi'ar gajeren zango sun fi zauna mini.

Wani injiniya: Malam, kafin ka rufe. Shin da gaske ma ita ke kawo inobeshin, wato fito da sababbin abubuwa? Amurka 26 fa ka ce.

Tambaya ce mai kyau. Inda hujjar take da ƙarfi shi ne sabon abu yana cin kuɗi shekaru kafin ya dawo da kwabo, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Samsung ya fara ne a 1938 da sayar da busasshen kifi da kayan masarufi, ya shiga kayan lantarki a 1969, ya tsunduma ƙera ƙwaƙwalwar ajiya ta kwamfuta a 1983, sai wajen shekara goma bayan nan ya hau gaba a duniya a wannan fanni. Koriya ta Kudu tana kashe kusan kashi 5 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan bincike. Amma Amurka da makinta 26 tana cikin ukun farko a jerin ƙasashe masu ƙirƙira da hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, ke fitarwa duk shekara, Najeriya kuma tana bayan ta 100. Wani mai bincike, Scott Shane, ya nuna tun farkon shekarun 1990 cewa rashin tsoron abin da ba a saba ba da rashin tazara mai yawa tsakanin babba da ƙarami su ma suna tafiya da yawan ƙirƙira. Yaron da ba ya iya ce wa maigidansa a gwada wata hanya, ko shekara ashirin ya yi yana tsimi ba zai sauya ƙirar garma ba. Ban da wutar lantarki da bashin banki, waɗanda ba ruwansu da ɗabi'a.

Malamin Islamiyya: Shi inobeshin ɗin fa? Kar dai ka ce bidi'a, a rufe gidan rediyon.

Allah ya kiyaye, Malam. Ƙirƙira zan ce, na ƙasa kuma ƙarfin ƙirƙira, duk da ba ta gama gamsar da ni ba. Ƙirƙira tana tsayawa ne a fito da abin, shi kuwa inobeshin sai abin ya shiga hannun mutane ana amfani da shi, kamar yadda maƙeranmu suka mayar da injin ban ruwa yana aiki da gas ɗin girki. Kuma ƙirƙirarren labari ƙarya ne. Wannan sai mun sake zama.

Malamar Daura: Yaya, na yarda da dogon zango. Amma ka faɗi maganar dabinon kakana a shirin.

Zan faɗa, Hajiya, tare da maganar bikin. Ki kunna rediyo ƙarfe huɗu, bayan La'asar.