Babban kamfanin zuba jari ya ba ni aiki, in karɓa ko in zauna inda nake?

Mai_Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akanta ne ni a wani ƙaramin ofishi, mu kaɗan ne, komai da hannuna nake yi, tun daga lissafin haraji har zama da 'yan kasuwa. Yanzu wani babban kamfani ya kira ni sashen tantance haɗarin bashi. Albashin ya ninka nawa, ga inshorar lafiya, kuma za su biya mini kuɗin jarrabawar CFA, wato ta samun shaidar ƙwarewa a nazarin harkokin kuɗi da zuba jari. Damuwata ita ce iyalina na da juna biyu, ga shi ina jin ana cewa a irin wuraren nan ba a tashi sai dare ya raba. Waɗanda suka taɓa yi, ku taimaka da shawara.

Tsohon_Banki:
Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar dare gaskiya ce, amma ba kowane sashe ba. A 2021 sababbin ma'aikatan Goldman Sachs, babban bankin zuba jari na Amurka, sun koka cewa suna aikin kusan awa 100 a mako, sai dai su masu haɗa cinikin sayen kamfanoni ne. Naka sashen da sauƙi, in ban da ƙarshen wata da lokacin da masu binciken kuɗi suka zo. Abin da zai fi cin ranka shi ne ƙanƙantar aikin. Kai da ka saba riƙe komai, za a ba ka ɓangare guda na rahoto, ka gama, ya bi ta hannun shugabanni, wani lokacin ma ba za ka san me aka yi da shi ba. Wasu suna jin daɗin hakan, ni dai ya gundure ni. Horo kuwa, ba za ka samu irinsa a ƙaramin wuri ba.

Hajiya_Odita:
Malam, kada girman suna ya ruɗe ka. Bankin Lehman Brothers na Amurka ya haura shekara 150 kafin ya durƙushe a Satumbar 2008. Bankin Credit Suisse na Switzerland ma, takwaransa UBS ya amince ya saye shi a Maris 2023, aka sallami dubban mutane. Kuma alawus ɗin ƙarshen shekara ba albashi ba ne, kada ka ci bashi a kansa.

Tsohon_Banki:
Haka ne Hajiya, amma wanda aka sallama daga can, sunan kamfanin kaɗai yakan buɗe masa wata ƙofar.

Mai_Lissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kafin in sa hannu zan nemi ganawa da wanda zai zama ogana, in tambaye shi ƙarfe nawa mutanensa ke tashi, da ko suna ba uba hutun haihuwa.