Wane baƙin mai ya dace da Sharan mai injin 1.9 TDI?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana injin dizal. Sharan ɗina (motar Volkswagen, wato VW) ta fara ƙas-ƙas, ƙarfinta ya ragu. Da makanike ya buɗe murfin injin, sai ga kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin injin) ya cinye, tafet (ƙarafan da kamshaf ke dannawa) biyu sun lotsa, ga burbushin ƙarfe a cikin mai. Mun sa sabon kamshaf.

Littafin motar ya ce mai lambar VW 505.01, amma kasuwarmu mai kauri, 15W-40, ne ko'ina, makanike kuwa ya dage mai kauri ne daidai da zafinmu. Wani ya ce in ƙara wa man sinadarin ZDDP, wai yana rage cinyewar ƙarfe. Yana kare kamshaf, ko ɓata haɗin man yake yi? In 505.01 bai samu ba, wanne zan zuba? Don Allah ku taimaka, da motar nan nake ciyar da iyali.