Cigiyar babban mutum a intanet: ga abin da ya same mu, ku ma ku faɗi naku

Yayar Tela, Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da aka samu ƙanena bayan ya ɓace, amma sai yau na samu nutsuwar rubuta wannan. Tela ne, shekararsa 27. Wata Talata da safe ya ce wa Umma zai shiga Kantin Kwari ya sayo yadi, ya fita ko rabin shayinsa bai sha ba. Har aka idar da isha'i babu shi, lambarsa a kashe. Washegari muka kai rahoto wurin 'yan sanda, muka gaya wa mai unguwa, aka yi sanarwa a masallaci, ni kuma na ɗora hotonsa a Facebook da lambata a ƙasa.

Kwana biyun farko na ji daɗin mutane ƙwarai. Wanda bai taɓa ganinka ba ya rubuto maka "Allah ya bayyana shi", wallahi yana sanyaya zuciya. A kwana na uku ne abin ya canza. Wasu suka shiga shafinsa suka tono hoton ƙarshe da ya ɗora, shi da abokinsa na ƙuruciya a bakin shago. Wani ya zagaye fuskar abokin da jan layi, ya ce a binciki wannan, idonsa bai yi kama da na mai gaskiya ba. Wani ya ce ai ya san sun taɓa sa-in-sa a kan kuɗin keken ɗinki. Kafin dare an fito da sunan yaron da unguwarsu, har da hoton ƙofar gidansu. Ni kaina, Allah ya yafe mini, da ya zo yi wa Umma jaje ban amsa sallamarsa ba.

Rana ta tara wata baiwar Allah ta kira ni. Ƙanwarta ma'aikaciyar jinya ce, ta ga hoton a wayarta, ta ce akwai wani saurayi da aka kawo musu tun ranar Talata, mota ta buge shi, babu waya babu katin shaida, bai dawo hayyacinsa sosai ba. Muka je, ashe shi ne. A wurin hatsarin aka zare wayar.

Ƙanena yana gida yana jinya, alhamdulillah. Abokin nasa kuma ya rufe shago ya koma wurin kawunsa. Duk wanda ya taɓa yin cigiya a intanet, ko aka yi cigiyar nasa, ko shi ne ma ya shiga binciken, don Allah ya gaya mana yadda ta kasance.

Mai Cajin Waya:

Hajiya, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ba shi lafiya. Ni ne irin abokin nan da kike faɗi. Wani ɗan kasuwa ya kawo caji rumfata da la'asar, ya karɓa da magariba, daga nan ba a sake ganinsa ba. Wani ya rubuta cewa a wurina aka yi masa ganin ƙarshe, kuma gaskiya ne, ban musa ba. Amma kafin maganar ta zagaya ta dawo, ta zama wai ni nake tura wa masu garkuwa da mutane lambobin masu kuɗi. Kwana biyu na yi a tsare ina amsa tambayoyi, aka sake ni don babu komai. Na dawo na tarar allon da nake jera waya hamsin, bakwai ne kawai a kai, su ma na 'yan uwana ne.

Bayan wata huɗu mutumin ya kira matarsa daga Legas. Bashi ne ya kore shi. Cikin duk waɗanda suka rubuta sunana, mutum ɗaya ne ya zo ya ce in yafe masa. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to nawa ma bai zama gaskiyar ba.

Baffan Yara, Zariya:

Ni abin da zan ja hankali a kai shi ne lambar da ake sawa a ƙarƙashin hoto. Da surukina ya ɓace, lambata ta kullum na sa, kuma na yi da-na-sani. Daren farko wani ya kira, murya a shaƙe, ya ce mutumin yana hannunsu, in tura naira dubu 300 kafin asuba ko in zo in ɗauki gawa. Ya faɗi kalar rigarsa da tabon da ke goshinsa, jikina ya ɗauki ɓari, har na buɗe asusu zan tura. Matata ce ta riƙe hannuna ta ce, Malam, ai duk wannan mu muka rubuta a cigiyar. Na ce masa ya tambayi surukin nawa sunan da kakarsa ke kiransa da shi. Ya kashe wayar, bai ƙara kira ba.

Bayan shi an yi ta kira. Masu cewa an yi masa kurciya ne, in aiko da kuɗin turare su yi kiranye. Mai cewa ya gan shi a tasha a wani gari, in turo kuɗin mota ya rako shi. Shawarata, a sayi sabon layi don cigiyar kawai, a ba wa mutum ɗaya mai sanyin kai ya riƙe, kuma a ɓoye wata alama guda ta jikinsa, kada a rubuta ta, don da ita za a gane mai gaskiya. Namu dai har yau shiru, shekara ta biyu ke nan. Ku sa mu a addu'a.

Ɗalibin Lauya:

Allah ya bayyana shi, Baffa. Zan faɗi nawa duk da ba daɗin faɗi. Ina cikin waɗanda suka kwana a Twitter a ƙarshen Afrilun 2021, lokacin da Iniubong Umoren ta ɓace a Uyo. Ta gama jami'a, ta rubuta cewa tana neman aiki, wani ya kira ta ganawa, ba ta dawo ba. Ƙawarta ce ta fito ta yi kururuwa, jama'a suka ɗauka, aka yi ta bin lambar wanda ya kira ta. Matsin da aka yi ya taimaka, an kama Uduak Akpan, an tono gawarta a ƙaramar hukumar Uruan, kuma a watan Agustan 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa.

Wannan ne ya shiga kaina, na fara ganin ni ma na iya bincike. Bayan wasu watanni aka yi cigiyar wata mata a garinmu, aka sa lambar da ta kira ta na ƙarshe. Na sa lambar a Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, suna ya fito, na nemo mai sunan a Facebook, na ɗora hotonsa. Ashe sunan tsohon mai layin ne, wani malamin makaranta da ya daina amfani da shi tuntuni, kamfani ya sake sayar da layin. Truecaller yakan nuna sunan da wasu suka ajiye lamba da shi a wayoyinsu, ba rajistar hukuma ba ce, amma a lokacin ban tsaya tunanin haka ba. Na goge cikin awa uku, sai dai an riga an kwafa. Na nemi malamin na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma 'yarsa ta yi mako ba ta je makaranta ba. Yanzu in na ga wani abu, iyalan nake kira ko in kai wa 'yan sanda, ba na ɗorawa.

Antin Ingila:

Wai kada ku ɗauka mu kaɗai ke yin haka. Ina aiki a yankin Lancashire lokacin da Nicola Bulley ta ɓace ranar 27 ga Janairun 2023. Mace ce mai shekara 45, ta kai 'ya'yanta biyu makaranta, ta fita da karenta bakin kogin Wyre. Aka tsinci wayarta a kan benci, ba ta ma fita daga taron wurin aikinsu da take saurare ba. 'Yan sanda tun farko suka ce sun fi zaton kogin ta faɗa. Mutane suka ƙi yarda. A ɗakin shan shayi na wurin aikinmu kowa da wanda yake zargi, yawanci uban 'ya'yanta, wai don fuskarsa ba ta nuna baƙin ciki yadda suke so ba. 'Yan TikTok suka riƙa tahowa daga nesa suna ɗaukar bidiyo a ƙauyen, suna leƙa gidajen mutane da dare, har sai da 'yan sanda suka ba da umarnin korar masu tada hankali daga wurin. Ranar 19 ga Fabrairu aka ga gawarta a kogin, kimanin mil ɗaya daga bencin, kuma binciken kotu a watan Yuni ya tabbatar tsautsayi ne, nutsewa ta yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran nan mata biyu. Wata rana za su girma su riƙe waya, su karanta duk abin da aka rubuta a kan ubansu a kwanakin da suke jiran uwarsu.

Ɗan Damagaram:

Namu ya zo da sauƙi. Baba tsufa ya fara rikita shi, ya fita sallar asuba bai dawo ba. Maimakon mu watsa wa duniya, sai muka bi tashoshi muka ba 'yan kamasho hoton, su kuma suka sa a zauren WhatsApp na direbobi. Kwana biyu wani direba ya gane shi a hanyar Matamaye, yana zaune ƙarƙashin bishiya yana cewa zai je gonar mahaifinsa. Ku sa sabon hoto, don mu da farko na ranar sallah muka sa, da rawani da babbar riga, alhali ya fita da 'yar shara da hula. Babu wanda zai gane shi da wancan.

Matsalarmu ɗaya, shekara uku ke nan hoton bai daina yawo ba. Baba ya rasu bara a kan gadonsa, amma har watan jiya an kira ni wai an gan shi a kasuwa.

Wadda Aka Yi Cigiya:

Na daɗe ina karantawa kafin na yanke shawarar magana. Ni ba ɓata na yi ba, gudu na yi. Duka ya ishe ni a gidan aure, duk lokacin da na je gida sai a ce in yi haƙuri a mayar da ni. Na tafi wurin gwaggona a wani gari, ita kaɗai ta sani. Sai ga hotona ko'ina, wai ina da taɓin hankali, duk wanda ya gan ni ya kira wannan lamba. Lambar wanda na gudu dominsa ce. Wasu bayin Allah, da kyakkyawar niyya, suka gane ni a wurin ɗiban ruwa suka faɗi layin da nake. Ba don gwaggo ta tsaya tsayin daka ta kai maganar gaban alƙali ba, ban san yadda za ta ƙare ba.

Ba na cewa a daina taimako. Amma babban mutum ba yaro ba ne. In kun gan shi da ransa da hankalinsa, ku fara tambayarsa ko yana son a san inda yake, kuma ku duba wane ne ya sa cigiyar.

Malamin Barnawa, Kaduna:

'Yar uwa, Allah ya saka miki, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Ni kuma zan tuna mana da wanda duk yaɗawar duniya ba ta kai ga gano shi ba. A farkon Agustan 2019 wasu mutane suka tafi da Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, daga gidansa a nan Barnawa cikin dare, a cikin motarsa. Hukumar DSS ta ce ba ya hannunta. Ina cikin masu ɗora hotonsa duk shekara idan watan ya zagayo, kuma ba zan daina ba, don tambayar hukuma ina ɗan ƙasa yake haƙƙinmu ne. Abin da na daina shi ne tura jita-jita. Sau nawa aka ce an gan shi, sau nawa aka ce ya rasu, babu hujja ko ɗaya, kuma kowace irin wannan magana sai ta isa kunnen iyalinsa.

Akwai kuma dubbai da ko hoton ɗorawa ba su da shi. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar sama da mutum 20,000 da suka ɓace a Najeriya, akasari sanadin rikicin arewa maso gabas, fiye da rabinsu yara ne lokacin da aka rabu da su. Wanda nasa ya ɓace ta wannan hanya, ya je ofishinsu ya ba da suna, kyauta suke yi.

Yayar Tela, Kano:

Na gode muku duka. Baffa, mun sa ku a addu'a, Umma ma na gaya mata. Malam mai caji, maganarka ce ta hana ni barci. Jiya bayan la'asar na ɗauki Umma muka je gidan su abokin ƙanena. Mahaifiyarsa ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa, ta ce ba komai, amma ba ta ɗago ta kalle ni ba har muka tashi. Na karɓi lambar kawun nasa. Ƙanena ya ce shi zai kira da kansa idan bakinsa ya ƙara saki, don har yanzu magana tana yi masa nauyi.

Na rubuta sabon bayani cewa an same shi, kuma yaron nan ba shi da hannu a komai, na bi duk inda na tuna an sa hoton na liƙa. Cigiyar dubbai suka yaɗa ta, wannan kuwa zuwa yanzu mutum 14. Duk wanda ya taɓa tura ta farkon, don girman Allah ya tura wannan ma.